Sharhi a Gefen Takarda

Kutaisi, daren Talata.
Tsiala ta yi barci, shayina ya huce,
na baje darar Turawa a teburin girki
da littafin da na rubuta wasanmu na yamma.
Otar da farare, ni Vakhtang da baƙaƙe,
a bencin nan na bakin kogin Rioni
wanda ƙafarsa ɗaya ke ɗingishi.

Taku na ɗaya zuwa na shida: babu abin faɗi.
Shekara talatin da ɗaya muke buɗewa haka,
kamar gaisuwar maƙwabta,
kowa ya san amsar tun ba a tambaya ba.

Na bakwai. Na cinye masa ɗan soja.
Na sa wa kaina alamar yabo,
sannan na goge ta da yawu.
Kwaɗayi ne, kuma an san ƙofar da yake buɗewa.

Na sha ɗaya. Ya ja kunkurunsa baya.
Mu nan kunkuru muke kiran ɗan darar
da ke tafiya a karkace,
wasu ƙasashen su ce giwa, wasu limami.
Na yi dariya, na ce tsoro ne.
Bai tanka ba, yana ɓare ƙwallon sigari.
A gefe na rubuta: taku marar ma'ana.

Na sha biyar. Na buɗe wa sarkina taga,
na tura sojan gefe gida guda,
kamar yadda nake buɗe gilashin bas
zamanin ina tuƙi zuwa Zestafoni.

Na sha tara. Nan ne hannunsa ya yi rawa.
Doki ya kuɓuce masa, ya faɗi cikin ciyawa,
na sunkuya na ɗauko, ban dube shi ba.
Jibi za a kai shi asibiti a Tbilisi.
Littafin dara ba shi da alamar wannan.

Na ashirin da uku.
Ga inda na zauna tun ƙarfe tara.
Na ɗauke karusata daga layin baya,
na bar gida ba mai gadi.
Na gani. Wallahi na gani.
Na ce a raina, bari ya hau jirgin ƙasa
da ɗan abin taunawa a zuci.

Na ashirin da huɗu. Karusarsa ta sauko ƙasa.
Sarkina ya waiga wajen tagar da na buɗe,
sai ga kunkuru can nesa, tun taku na sha ɗaya,
ya zuba wa gidan ido.
Mat.
Otar ya ce, "Ka tsufa," ya sa hularsa.

To, mai sharhi ba ya ƙarya, in ji ƙa'ida.
Na mayar da kowa gidansa na ashirin da biyu
don in nuna wa takarda girman kyautata.
Na bar karusa a gida: sarauniyata ta tafi.
Na kare sarauniya: doki ya shigo da cokali mai yatsu.
Na gudu da sarki: taku huɗu, mat ɗin dai.
Na gwada ta dama, na gwada ta hagu,
har agogon bango ya buga biyu.

Ashe dara ta daɗe da cin gida.
Na ba mutum akuyar da tuni ke ɗaure a garkensa,
har ina jiran godiya.

Na koma taku na sha ɗaya,
na soke abin da na rubuta,
na sa alamar yabo biyu, manya,
har bakin fensir ya karye.

A ƙasa kuma, inda ake sa sakamako:
Otar ɗaya, ni sifili.
Sati mai zuwa ni ke da farare.
Na rubuta kwanan watan.